Mu Ƙidaya Kanmu

 Karatunmu yana cikin Luka sura 5, aya 1 zuwa 11.

In rani ya yi, ruwa ya janye, mukan sa ranar su. Kafin ranar, wannan ya ɗinke homa, wancan ya nemo gora, mata su tanadi guzuri. Mukan ƙidaya kanmu kafin mu shiga ruwa, mu sake ƙidayawa in mun fito, don kada a bar wani a ciki.

Bitrus ya kwana a Tafkin Janisarata bai kama ko ɗaya ba. Da ya bi maganar Yesu, kifi ya yi yawa har taru ya soma kecewa. Bai ji kunyar neman hannu ba. Aka kira mutanen ɗaya jirgin, jiragen biyu suka cika.

Mu fa? Akwai ɗan'uwan da ya yi makonni bai zo sujada ba, ba mu ko lura ba. Wata kuma bashi ya danne ta, kunya ta hana ta kira. Kafin Lahadi, bari kowannenmu ya taka zuwa gida ɗaya.

Ya Uba, ka buɗe idanunmu mu ga wanda babu shi a cikinmu. Amin.