Tsangayar Shari'a ta Kongo da Amanar Alƙalanci

Tushen Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello yana Kongo, Zariya, inda Makarantar Koyon Mulki ta horar da alƙalai a kan Dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960. Da aka kafa jami'ar a 1962, sai malamai suka shiga karantar da dokokin Ingila tare da fiƙihun Malikiyya. Cikin tsofaffin ɗalibanta, Mahmud Mohammed ya zama Babban Jojin Nijeriya a 2014, a shekarar kuma Zainab Bulkachuwa ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. Duk da haka, talakan da ya shekara a tsare yana jiran shari'a shi ne ma'aunin amfanin wannan ilmi.