A Fara Ba Ɗan Nesa Gado

  

An ce in yi bayani kan alfanu da illar zama a ɗakunan kwanan jami'a. Wannan muhawara ce ta mai zaɓi. Yaron da gidansu ke Kabuga ko Rijiyar Zaki, shi ke da damar auna ko ya kwana a makaranta ko ya hau a-daidaita-sahu ya koma gida ya ci tuwon mahaifiyarsa. Wanda ya taso daga Riruwai ko Burji, ya keto dajin Falgore da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli, in bai sami gado ba ina za shi?

Illolin kowa ya san su. Ɗakin mutum huɗu ya koma na goma saboda 'yan raɓe, ga kuɗin cizo, ga layin bokiti a bakin famfo tun kafin asuba, ka shanya riga ka dawo ba ta. Abokan aikina da ke cewa zaman hostal na ɓata tarbiyya, ina tambayarsu: ɗakin haya a Ɗanbare ko Samaru, inda ba mai gadi ba mai tsawatarwa, shi ne ke gyara ta?

Abin da ya fi damuna shi ne 'ya'ya mata, kuma a nan zan daɗe. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida, wajen makaranta. Ba a yi wata guda ba aka ɗauke ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga gidan da suke haya. Za a ce mini ai a Afaka a 2021 har cikin makaranta 'yan bindiga suka shiga. Haka ne, amma katanga da masu gadi sun fi babu. Kuma uba a Tudun Wada ko Ƙiru ba lissafin masana yake yi ba. Rediyo yake saurara. Tambayarsa ɗaya ce idan takardar shiga jami'a ta fito: "A ina za ta riƙa kwana?" In aka ce cikin makaranta, sai ya ce Allah ya ba da sa'a. In aka ce haya, sai ya ce a bari sai baɗi, kafin baɗi kuwa an sa rana. Muna ta taron bita kan ilimin mata a otal-otal na birni, alhali makullin ɗaki ne ke yanke hukunci.

To yaya ake raba gadon? A buɗe shafin intanet, wanda ya riga danna waya ya samu. Ɗan birni mai sabis mai ƙarfi ya kama, wani ma ya sayar da gurbin ninkin kuɗinsa, ɗanmu na ƙauye yana bisa tudu yana neman sabis. Na sha faɗa wa jami'an kula da harkokin ɗalibai, kuma ina maimaitawa: wannan ba adalci ba ne. A duba nisan gida. Adireshin kowa yana cikin fayil ɗinsa.

Gini kuma ba gagara ya yi ba. Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan da ke ɗaukar ɗalibai 2,160, aka buɗe su a 2019. Ba mu da Ɗangote a Doguwa, amma muna da ƙananan hukumomi huɗu da ke karɓar kaso duk wata, da manoman masara da 'yan kasuwa masu neman inda za su yi waƙafi. Ana buƙatar ginin, domin Naira 20,000 da asusun lamunin karatu na NELFUND ke ba ɗalibi a wata ba za ta ɗauki haya da abinci da kuɗin mota ba.

Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, ku haɗa hannu ku nemi fili a Jami'ar Bayero da ta Wudil, ku fara da ɗakunan mata. Ku kuma wakilanmu a majalisa, ku kai maganar nisan gida gaban hukumomin jami'o'in kafin a buɗe rajistar bana.