Hanta da Magani a Lokacin Zazzaɓi: Jawabin Taron Reshen Bakori



Da yawa daga cikinmu, ko iyalanmu, muna da maganin da muke sha kullum, na fuka ko na hawan jini ko na farfaɗiya. Mun saba da shi har ba ma duba takardarsa. To, ƙwayar da ta yi mana daidai ranar da muke ƙalau tana iya yi mana yawa ranar da zazzaɓi ya kwantar da mu, alhali ba mu ƙara ko ɗaya ba.

Dalilin yana cikin hanta. A cikinta Allah Ya sanya wasu sinadarai masu rusa magani domin jiki ya fitar da shi. Masana na kiransu sitokurom P450, sunan da wasu Japanawa biyu, Omura da Sato, suka raɗa a 1962. Mu ɗauke su kamar injin niƙa na unguwa: muddin yana juyawa, hatsi ba ya taruwa a bakin ƙofa.

Idan cuta ta shiga jiki, mura ce ko cizon sauro, fararen ƙwayoyin jini sukan saki saƙo cikin jini, kuma fitacce a ciki shi ne wanda ake kira IL-6. Saƙon yakan tsaya a bangon ƙwayar halittar hanta, daga nan a riƙa miƙa shi hannu da hannu har cibiyar ƙwayar, inda ake yanke abin da za a ƙera. Sai umarni ya sauya: a ƙara makaman yaƙi da cuta, a rage ƙera masu rusa magani. Injin ya rage gudu ke nan, mu kuwa muna ta kawo hatsi a kan lokaci kamar kullum. Sai magani ya taru a jini.

An ga haka da ido. A 1980, lokacin wata annobar mura a yankin Seattle ta Amurka, yara masu fuka da ke shan tiyofilin sun kamu da gubarsa, ba tare da an ƙara musu adadi ba. Wannan magani har yanzu yana yawo a kemis-kemis ɗinmu, ga shi hunturu ne ke haɗa mana ƙura da mura da fuka a aji ɗaya. Wani abin lura, musamman ga masu goro a aljihu: sinadarin hantar da ke rusa tiyofilin shi ne ke rusa kafin ɗin goro da shayi. Kwinin ma an tabbatar yakan daɗe a jini idan zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani.

Kada kowa ya tashi daga nan ya ce an ce a rage magani. Wanda ya yanke maganin farfaɗiya da kansa, ko ya bar na zazzaɓi a rabi, ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi wannan. Ragi ko ƙari aikin likita ne. Namu shi ne mu faɗa masa duk abin da muke sha, har da jiƙo da na kemis. Idan kuma mai fuka yana zazzaɓi sai ga amai, bugun zuciya da sauri, rawar hannu ko rashin barci, kada a jira albashi. A kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Funtua ko na Malumfashi, a tafi da kwalin maganin a hannu.