Allurar Hana Daskarewar Jini: Jawabi ga Ɗalibai Masu Koyon Aikin Jiyya

Mu da za mu riƙe asibitocin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wajibi ne mu san allurar heparin, wadda ke hana jini daskarewa a jijiya. Ƙarƙashin fatar ciki ake yin ta, santimita 5 daga cibiya, ba cikin tsoka ba. Mu tattaro fata da yatsu biyu, mu tura magani sannu a hankali, kullum a sabon wuri. Mutanenmu sun saba murza gurbin allura. To, wannan ba a murza ta, gudun taruwar jini. In majiyyaci ya yi haɓo ko fitsarin jini, mu dakata, mu kira likita nan da nan. Rai amana ne a hannunmu. Wassalam.