Tsare Asusun Wasannin Wayar Hannu daga Masu Kutse

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa asusun da mutum yake buɗewa domin wasa a wayar hannu dukiya ce, kuma tana bukatar tsaro kamar kowace irin dukiya. Wanda ya shekara uku yana buga PUBG Mobile ko Free Fire ya zuba lokaci, sau da yawa har da kuɗi. Daɗin daɗawa, yawancin irin wannan asusu a ɗaure yake da na Google ko na Facebook, wani lokaci ma da katin banki. Saboda haka ma'aikacin da ya miƙa wa ɗansa waya ya yi wasa, shi ma maganar ta shafe shi.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar farko ita ce amfani da kalmar sirri ɗaya a wurare da yawa. A watan Satumba na 2019 an kutsa cikin rumbun bayanan kamfanin Zynga na Amurka, mai wasan Words With Friends, aka kwashe bayanan asusu fiye da miliyan 170. Ɓarayi sukan ɗauki adireshin imel da kalmomin sirri da suka fita ta irin wannan hanya, su sa kwamfuta ta yi ta gwada su a wasu wurare. Wanda ya yi wa ɗakunansa duka makulli ɗaya, to, ranar da ya ɓata, gidan ne gaba ɗaya ya buɗe.

Tsaga ta biyu ita ce kwaɗayi. Akan kafa shafi mai kama da na kamfanin wasa, a yi alkawarin ba da kuɗin cikin wasa kyauta, watau UC a PUBG Mobile ko lu'ulu'u a Free Fire, muddin mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. A nan ba a fasa kome ba. Mai asusu ne ya miƙa makulli da hannunsa. Banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa.

Ta uku ita ce lambar waya. Kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba. Idan an ɗaure asusu da tsohon layi, saƙon canza kalmar sirri a hannun baƙo zai sauka.

To, mene ne magani? Da farko, kowane asusu ya zama yana da tasa kalmar sirri mai tsawo, musamman imel, domin ta nan ne ake maido da sauran. Na biyu, a kunna tantancewa mai mataki biyu. Manhaja irin Google Authenticator tana fitar da lamba mai alƙaluma 6 da take canzawa bayan kowace daƙiƙa 30, ba ta kuma dogara ga layin waya ba. Muhimmancin wannan ya sa a 2018 kamfanin Epic Games ya riƙa ba 'yan wasan Fortnite kyautar wata rawa idan suka kunna ta. Amma fa a lura: wanda ya karanta wa wani lambar, ya rushe katangar da kansa. Na uku, a guji sayen asusu ko ba da aronsa, domin mai sayarwa yana iya ƙwace abinsa ta imel ɗin da ya buɗe shi da shi. Na huɗu, a adana rasit na duk abin da aka saya cikin wasa, domin yakan zama shaida idan an je neman asusun da aka sace.

A taƙaice, gyaran rumbun bayanai aikin kamfani ne, amma riƙon makulli aikin mai asusu ne, kuma babu wanda zai ɗauke masa shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.