Faranti Ɗaya Na Ranar Biki: Tuntuɓe Da Kwaɗayi A Tsarin Rage Sitaci

 

Wannan zaure na likitoci da ma'aikatan jinya ba ya buƙatar a maimaita masa tarihin cimar rage sitaci da sukari, tun daga ɗan littafin William Banting na Landan a 1863 har zuwa na Robert Atkins a 1972. Kowa a nan ya kuma san cewa a 2019 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta amince cewa rage sitaci shi ne ya fi yawan hujja wajen daidaita sukarin jini. Maganar da ta kawo mu ita ce wadda ake gudu a asibitocinmu: me ke faruwa da majinyaci ranar da ya zame, kuma wane ne ke mayar da ƙaramin tuntuɓe ya zama faɗuwa?

A ɗauki magidanci ɗan shekara hamsin da aka gano yana da ciwon sukari. An miƙa masa takarda cike da haramtattun abubuwa: tuwo, fura, waina, biredi, lemon kwalba. Ya daure kwana goma a kan ƙwai da kifi da kwaɗon zogale. Sai ga bikin 'yar ƙanensa. Gwaggon amarya ta turo masa waina tana tururi, da miyar taushe, ta ce, "Haba Alhaji, ɗan wannan ai ba zai kashe ka ba." Ya ci huɗu. Daga nan ya ce wa kansa tunda an riga an ɓata, bari a ƙarasa, ya bi da shinkafa da lemo. Washegari ya hau ma'auni ya ga kilo ɗaya da rabi sun dawo. Ranar ganin likita kuma abin da ya samu shi ne, "Baba, kai ba ka jin magana." Watan gaba kujerarsa ba kowa.

Abokan aiki da yawa suna kiran wannan rashin ƙarfin zuciya. Wannan fassara ba daidai ba ce, kuma an nuna hakan tun shekaru hamsin da suka wuce.

A 1975, Peter Herman da Deborah Mack suka yi wani gwaji da ɗalibai mata a Jami'ar Northwestern ta Amurka. An kasa su uku. Wasu ba a ba su komai ba, wasu aka ba su kofi ɗaya na madarar da aka kaɗa da sukari, wasu kofi biyu. Sannan aka ajiye wa kowace askirim kala uku, aka ce ta ɗanɗana ta faɗi ra'ayinta, aka bar ta ita kaɗai. Abin da ake aunawa a ɓoye shi ne yawan da za ta ci. Matan da ba sa takura wa kansu a abinci sun yi abin da hankali zai ɗauka: wadda ta sha madara da yawa ta ci askirim kaɗan, domin ta ƙoshi. Masu tsare ciki kuwa suka juya lissafin. Wadda ba ta sha komai ba ta ci kaɗan, wadda aka sa ta karya dokarta da madara ta ci fiye da kima. Cikinta a cike yake, amma a ranta ranar ta riga ta lalace.

Janet Polivy, wadda ta daɗe tana aiki tare da Herman a Jami'ar Toronto, ta ƙara zurfafa binciken. Ta nuna cewa ba lallai ne abincin farko ya zama mai nauyi ba. Idan mai tsare ciki ta yi imani cewa ta ci abu mai sa ƙiba, ko da ba haka ba ne, igiyar ta tsinke. A 1998 kuma su biyun tare da Traci McFarlane suka yi gwajin da ya fi kowane shafar asibitocinmu. Suka gyara ma'auni ya riƙa nuna wa wasu mata nauyin da ya ɗara na gaskiya da fam 5, wato kilo 2 da ɗoriya. Masu tsare cikin da suka ga wannan lamba ta ƙarya hankalinsu ya tashi, kuma da aka kawo abinci suka ci fiye da sauran. Ba su yi laifin komai ba, lamba kawai aka nuna musu.

To ga inda abin ya haɗu da magidancinmu. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Idan mutum ya rage sitaci wannan ajiya takan zube da ruwanta, shi ya sa makon farko yake da daɗin awo. Ranar da ya ci waina da shinkafa, ajiyar ta koma, ruwan ya biyo ta. Kilo ɗaya na kitse yana buƙatar rarar kalori kusan 7,700, kuma babu farantin biki da ya kai haka. Abin da Alhaji ya gani a ma'auni ruwa ne mafi yawansa, kuma cikin 'yan kwanaki zai fita da fitsari. Jikinsa ne ya yi masa gwajin McFarlane, ma'aikacin lafiya kuma ya zo ya sa hannu a kan lambar ƙarya da tsawarsa. Wannan abin takaici ne ƙwarai, domin bayanin bai fi na minti biyu ba.

Maganin ma an gwada shi. A 2007 Claire Adams da Mark Leary suka ba ɗalibai mata soyayyen fanke mai sukari irin na Turawa. Wasu daga cikinsu aka ce musu kowa yakan ci irin wannan wani lokaci, kada su matsa wa kansu. Da aka kawo alewa daga baya, masu tsare cikin da aka tausasa wa suka ci ƙasa da waɗanda aka bari da zargin kai.

Shi kwaɗayi kansa ba a sama yake faɗowa ba. A kwanakin farko, yayin da insulin ya sauka, ƙoda tana zubar da gishiri da ruwa, sai ciwon kai da kasala da jiri su taso, mutum ya ɗauka jikinsa sukari yake nema. Sau da yawa kofin romo da isasshen ruwa ne ke sauƙaƙa abin, sai dai mai hawan jini ya fara tuntuɓar likitansa a kan gishirin. Wani kwaɗayin kuma yunwa ce tsagwaronta. Mutumin da aka cire wa malmalar tuwo aka bar shi da cokali uku na miyar kuka, ai yunwa aka ɗora masa. Dole a cike gurbin da awara, gyaɗa, kindirmo marar sukari, kifi, tsire, da miyar ganye mai yawa da mai. Na uku shi ne sabo: ƙarfe huɗu na yamma a teburin mai shayi. Binciken shekara biyu da Corby Martin da abokansa suka buga a 2011 ya nuna cewa sha'awar sitaci tana raguwa ga masu rage shi. Majinyaci ya cancanci a gaya masa cewa wahalar makon farko ba za ta dawwama ba.

Masu suka za su kawo gwajin Jami'ar Stanford na 2018, inda mutum 609 suka yi shekara guda, masu rage mai da masu rage sitaci suka sauke kusan nauyi ɗaya. Gaskiya ne, kuma bai rushe komai ba, domin a kowane ɓangare wasu sun sauke da yawa, wasu sun ƙara, ke nan tambayar riƙo da tsari tana nan daram. Masu cewa Bahaushe ba ya rabuwa da tuwo kuma su ne ke tura mai ciwon sukari ga tuwon alkama, kamar alkama ba sitaci ba ce.

A duba abin da David Unwin ya yi a ƙaramin asibitinsa na Southport a Ingila. A rahotonsa na 2023, majinyata 186 sun bi cimar rage sitaci na tsawon wata 33 a matsakaici, kashi 51 cikin 100 kuma sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Matarsa Jen, masaniyar halayyar ɗan Adam, tana cikin aikin tun farko, kuma akan tara majinyatan su tattauna a rukuni. Wannan shi ne ɓangaren da masu kwaikwayon Unwin suke mantawa.

Ga shawarar mai wannan lacca. A gaya wa majinyaci tun ranar farko cewa zai zame, a kuma tsara da shi abin da zai yi: ya koma kan tsari a abinci na gaba, ba ranar Litinin ba, ba bayan Sallah ba, kuma kada ya yi wa kansa horon yunwa don ramuwa. Kada ya hau ma'auni sai bayan kwana uku ko huɗu. Ya ci ƙwai ko gyaɗa kafin ya tafi biki ko suna, ya kuma tanadi amsar da ba za ta kunyata mai gida ba, kamar "Gwaggo, likita ya hana, amma a ƙaro mini naman." A kira uwargida ko duk mai riƙe da tukunya zuwa ɗakin likita, domin ita ke yanke abin da za a tuƙa. A daina tambayar "ka karya doka?", a koma "da ka zame, me ka ci bayan nan?"

Saura abu ɗaya da ba a wasa da shi. Wanda ke allurar insulin ko shan glibenclamide, idan ya rage sitaci ba a rage masa magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Masu shan empagliflozin da danginsa suna cikin haɗarin tsamin jini. Rawar jiki da gumi da bugun zuciya a mai allurar insulin ko shan glibenclamide alamar faɗuwar sukari ce, kuma a wannan lokaci dole ne ya sha sukari nan take. Ya kamata a rubuta wannan a saman takardar da ake miƙa masa, da Hausa, da boko da ajami, kafin a lissafa abinci ko ɗaya.