Ina Gajiya? Jawabi A Kan Samarinmu Masu Komowa Gida

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya yi a taron ƴan asalin ƙasar Garagumsa. Mun buga shi yadda ya faɗa, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

  

An ba ni dama in yi magana, ni kuwa na zaɓi wata ƴar magana wadda kowa ke gani ƙarama ce, alhali tana raba mu da ƴaƴanmu. Kullum in baƙo ya sauka mukan ce masa, "Ina gajiya?" shi kuma ya ce, "Ba gajiya." To, jama'a, yau ina so mu tsaya a kan amsar nan, don sau da yawa ba gaskiya ba ce, mu masu tambaya kuma mun sani.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da ɗa, ɗan ƙanena, mai shekara 22, yana sayar da shayi da burodi a Yamai. Shekara uku ke nan da suka wuce ya zo babbar salla. A tasha ya kwana, don motar da asuba take tashi. Ya wuni zaune, ya iso Takeita bayan lisha, kana ya hau kabu-kabu zuwa ƙauye. Ko awa huɗu bai yi yana barci ba aka tashe shi, wai mutane sun zo sannu da zuwa. Da hantsi aka ce ya tafi gaida gwaggonsa. Ya shiga, ya gaishe ta, ya fito, bai yi mata ta'aziyyar mijinta ba, wanda ya rasu wata biyar kafin nan. A ƙofar masallaci ya gamu da uban yarinyar da yake nema, ya miƙa masa hannu a tsaye da takalmi a ƙafa. Da tsohon ya ce masa sannu, sai Zabarmanci ya kuɓuce masa, ya ce, "Fofo." Yara suka fashe da dariya. Kafin la'asar magana ta game gari: yaro ya je birni ya koyo girman kai. Kwana huɗu ya yi ya koma. Damina biyu ke nan bai zo noma ba, maganar auren kuwa ta mutu.

Ni ma da farko na bi sahun masu zargi. Sai bara na je Yamai, na zauna a kan bencin teburinsa, na tambaye shi. Ya daɗe yana juya cokali, sa'an nan ya ce, "Baba, wallahi ranar nan ban san inda kaina yake ba. Rasuwar mijin gwaggo na ji ta a waya, amma da na shiga ɗakin sai ta ɓace mini. Kuma jika bakwai kaɗai suka rage mini a aljihu, ga gidaje sun fi goma da ke jiran tsaraba. Duk wanda ya dube ni, sai in ga kamar hannuna yake dubawa." Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, na tabbata mun yi wa yaron nan hukunci ba tare da mun ji ta bakinsa ba.

Iyayena dattawa, ku gafarce ni, mu dubi hanyar nan da idon basira. Tun da Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mai da shi Yamai a 1926, neman abinci da neman takarda suka ja mutanenmu yamma mai nisa. Daga Yamai zuwa Takeita kilomita 800 ne da ɗoriya. Mota za ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Gazawa, Tasawa, Maijirgi, kafin ta sauke yaro. Awa 14 ko fiye yana naɗe a kujera ɗaya. Mai zuwa daga Kano ta Daura da Kwangwalam da Matamaye tafiyarsa ba ta kai wannan tsawo ba, amma shi ga tsaye-tsayen iyaka, sauka da hawa, kwance kaya da ɗaure kaya. Mai fitowa daga Libiya ko Aljeriya kuwa sai ya ratso hamada ya faɗo Agadas, daga nan ya biyo ta Tanut, wajen kilomita 450 kafin ya ga Damagaram. Waɗansu ma koro su aka yi, aka zube su bakin iyaka, suka tako da ƙafa zuwa Asamaka.

Me tafiya irin wannan ke yi wa jiki? Matafiyi yakan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya matsa masa a hanya, ga zafin bazara da kan wuce awo 40. Ƙishirwa ta kawo ciwon kai, zama ya kumbura ƙafafu, ƙarar inji ta cika kunne. Babban abin kuwa shi ne rashin barci. Likitoci sun tabbatar cewa wanda bai yi barci ba mantuwa takan yi masa yawa, magana ta yi masa nauyi, fuskarsa ta ɗaure ko da ba ya fushi da kowa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, amma fuskar da ta kwana a tasha ba ta da labarin da za ta bayar sai na tasha.

Wani zai ce, ai mu ma mun yi tafiya, kakanninmu ma sun yi wadda ta fi wannan. Haka ne. A zamanin Sarki Tanimun ayarin Damagaram har Tarabulus yake zuwa, watanni ana tafiya. Fatake masu jakai sukan yi mako guda ko fiye kafin su shiga Kano. Amma ku tuna, tafiyarsu zango-zango ce. A yi tafiya, a sauke kaya, a ci, a kwana. Tun suna nesa labarin gida ke tarye su a bakin masu wucewa: wane ya rasu, wance ta haihu, an naɗa wane. Kafin farke ya iso ƙofar gidansa ya riga ya shirya bakinsa. Yaron yau kuwa da asuba yana cikin hayaniyar birni, da dare yana gaban kakarsa. Jikinsa ya iso, hankalinsa na can baya bai ƙaraso ba tukuna.

Addininmu ma bai raina wahalar tafiya ba. Malamai na nan, sun fi ni sani: wanda ya yi tafiyar da ta kai kamar kilomita 80 an yarje masa ya yi ƙasaru, salla mai raka'a huɗu ta koma biyu, an kuma yarje masa ya sha azumi ya rama daga baya. To, in Ubangiji ya rangwanta wa matafiyi a kan hakkinsa, mu su wa da ba za mu rangwanta masa a kan gaisuwarmu ba?

Ni kaina na ɗanɗana. A farkon 1983, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Nijeriya, ina cikin waɗanda suka komo. Riga ɗaya ce a jikina, ko goron dala biyar ban riƙo ba. Da dare na shiga gari don kada a gan ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai tambaye ni kome ba. Ya sa aka dama mini fura, ya ce in shiga ɗaki. Da safe shi ya zauna a zaure, duk wanda ya zo sai ya ce, "Ya iso lafiya, gajiya ce, jibi zai zo ya gaishe ku." Rana ta uku ya riƙe ni muka zaga gari tare, kafin mu shiga kowane gida sai ya raɗa mini abin da ya faru a cikinsa. Ba wanda ya san hannuna wofi ne, don goron da na raba daga aljihunsa ya fito. Da ya bar ni na fita ranar farko, watakila da yau ba na tsaye a gabanku.

Kada kuma mu manta da ƴan matanmu. Akwai masu aikatau a Damagaram da Maraɗi, akwai masu karatu a jami'ar Damagaram da ta Abdu Mumuni a Yamai. Shi saurayi ko ba kome yakan sami tabarma. Ita kuwa yarinya tana ajiye jaka sai a miƙa mata guga ko taɓarya, in ta ɗan yi jinkiri a ce boko ya ɓata ta. Iyaye mata, wannan magana taku ce, ku dube ta.

Saboda haka ina kawo wa ƙungiya shawara huɗu, in an ga sun dace a karɓa.

Ta farko, wanda ya sauka daga doguwar tafiya a ba shi kwana biyu. Ya gaida iyayensa da mutanen gidansu, ya yi wanka, ya ci, ya yi barci. Mu da muke da al'adar zuwa ban gajiya, mu bari gajiyar ta sauka tukuna.

Ta biyu, kada a sake shi zagayen gaisuwa shi kaɗai. Wansa ko kawunsa ya raka shi, ya tuna masa gidan da aka yi rashi da gidan da aka yi haihuwa, da wanda za a fara gaisarwa. Magatakardan ƙungiya kuma ya riƙa rubuta rasuwa da haihuwa da aure a littafi ɗaya, a karanta a kowane taron wata, a aika wa na nesa ta waya.

Ta uku, maganar tsaraba. Ita ce ke hana da yawa zuwa gida. Yaro ya gwammace ya yi salla a tashar birni da ya zo hannu wofi. Ina roƙon ƴan ci-rani na kowane gari su haɗa kuɗi gwargwadon hali, a sayi goro da sabulu da sukari da dabino, a raba da sunan kowa da kowa. Ta haka mai shi da marar shi duk sun shiga gari da mutunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta huɗu, mu dattawa mu kama bakinmu. "Me ka samo?" da "Yaushe aure?" da "Ɗan wane ya gina shago, kai fa?" ba tambayoyin bainar jama'a ba ne. Mai son sani ya ja yaro gefe bayan ya huta. In kuwa ya yi kuskuren gaisuwa, a gyara masa a ɓoye, kada a mai da shi abin hira a gindin bishiya.

Yanzu kuma gare ku, samari. Kada ku ce Baba ya ba mu gaskiya, shi ke nan. Gajiya uzuri ce ta kwana biyu, daga nan ta ƙare. Zumunta a ƙafa take. In ka huta, ka fara da mai gari da liman, sa'an nan dangin uba da na uwa. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sa waya cikin aljihu har ka fito. Kada ka wuni a fada wajen shan shayi da abokai alhali kakarka ba ta gan ka ba. In sunan wani ya ɓace maka, ka ce, "Baba, a gafarce ni, na daɗe ba na gida." Ba dattijon da zai ƙi wannan. In ba ka da abin bayarwa, ka ba da fuska, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kuma in an ce maka ina gajiya, ba laifi ba ne ka ce, "Akwai ta, amma da sauƙi."

Jama'a, abin da nake tsoro shi ne wannan. Gonakinmu na gero da dawa da wake da gyaɗa hannun samarin nan suke jira kowace damina. In yaro ya zo sau ɗaya ya sha kunya, ya zo na biyu ya sha zargi, na uku kuɗi zai aiko, na huɗu ko kuɗin ba za a gani ba. Mukan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma wani lokaci gidan ne ke fara barin mutum tun yana bakin ƙofa.

Game da ɗan nan nawa, na je na sami gwaggonsa na faɗa mata abin da ya faɗa mini. Ta yi kuka, ta ce ita ba ta riƙe shi da kome ba, a gaya masa ya zo. Ya yi mini alkawari zai zo shuka in Allah ya kai mu. Ni zan tarye shi a Takeita, kuma na riga na gaya wa mutanen gida: kwana biyu ba mai tashinsa. Wanda ya zo ya same ni a zaure.

Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure dattawa su gyara mini. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya ba mu damina mai albarka.